Faifai Mai Harafin M.S.

Ku da kuke ta turo mini saƙo kuna cewa Nining kin yi dace, Nining Allah ya ba mu irin naki, ku ɗan riƙe yabon nan tukuna. Ku bari in gaya muku abin da na aikata ranar Juma'ar nan, tsakanin kiran salla da dawowar maza daga masallaci. In kun ji kuka ga har yanzu na cancanci addu'a, to ku yi mini, don ina bukata.

Ga wanda yau ya fara karanta ni: shekarata ashirin da shida, a Bandung nake tare da mahaifiyata, Ambu. Mahaifina, Abah, ya rasu shekara biyu da suka wuce. Ina aiki a wani ƙaramin kamfani da ke saman shagon gyaran babura, mu bakwai ne, kuma a cikin bakwai ɗin nan akwai Galih, wanda iyayensa za su zo gidanmu ranar Lahadi su ajiye magana. A Galih nake ce masa, da wannan "A" ɗin da mace ke maƙala wa wanda ya girme ta kuma ya kwanta mata a rai.

Aikinmu manhaja ce ta leƙa cikin faifan kwamfuta idan ya rikice. Kowane faifai yana da rajista a cikinsa, inda yake rubuta sunan kowane fayil, girmansa, da adireshin inda ya ajiye shi. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutu, rajistar takan birkice, kayan suna nan amma an rasa hanyarsu. Ɓangaren da ke karanta rajistar nan ni na rubuta shi da hannuna, shekara uku ina kansa. Ina ji da shi, ba zan ɓoye muku ba.

Sai Mayang ta zo.

Wata huɗu ke nan da aka ɗauke ta daga Malang. Ta girme ni da shekara biyu, kowa a ofis Mbak Mayang yake ce mata don girmamawa, ni kaɗai nake kiran sunanta gatsal. Kullum mayafinta ruwan toka ne, takalminta na zane duk ya koɗe, ko hoda ba ta shafawa. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan, ba ta ma ƙoƙari, amma in ta buɗe baki sai ɗakin ya yi tsit. Aikinta shi ne ta lalata faifai da gangan. Ta samu kwafin lafiyayye, ta shiga rajistarsa ta murɗe lambobi, sannan ta miƙa wa manhajata ta naɗe hannu. Ta ce mata akwai fayil da ya ninka faifan girma sau dubu, manhajata ta ce to. Ta ce mata wannan jakar tana cikin kanta, manhajata ta yi ta zagaye har kwamfuta ta fara huci. Duk faɗuwa ɗaya, A Galih zai tashi ya ja layi a farin allo yana dariya.

"Mbak Mayang ta sake kayar da ita! Ashirin da uku! Kai, wannan baiwar Allah ba ta da tausayi."

Ita kuwa "ita" ɗin da ake kayarwa, aikina ne. Ni kuma ina zaune ina murmushin da ya fi kuka ciwo.

Na ashirin da huɗun ne ya fi muni. Manhajata tana da wata ɗabi'a, in ta buɗe faifai ta tarar an bar rubutu bai ƙarasa ba, sai ta ƙarasa shi da kanta, a adireshin da rajista ta ba ta. Da ni gani nake wannan kirki ne. Mayang ta nuna cewa in adireshin ya birkice, sai ta je ta zuba rubutun a kan kayan mutane. Ta kawo gyara, layi ɗari biyu da ɗoriya: kada a yarda da lamba sai an gwada ta da girman faifai, kada a rubuta komai sai an tambayi mutum sau biyu.

"Faifan da ya rikice kamar mai zazzaɓi ne, Nining," in ji ta, tana juya cokali a shayinta. "Yana magana, ana saurarensa, amma ba a bin umarninsa."

"Na gode da karatu," na ce.

A ƙa'idarmu gyara ba ya shiga sai mai ɓangaren ya sa hannu. Mai ɓangaren ni ce. Kwana tara ina zaune a kansa. Yau in ce sunan da ta ba wannan layin bai yi mini ba, gobe in ce ta ƙara bayani, jibi in ce ban samu lokaci ba. Kuma wallahi na san gaskiya gare ta. Kun san yadda na sani? Kwamfutar Abah tana cikin kabad ɗin Ambu tun satin da ya rasu. Batirinta ya mutu tana kunne, tun daga nan ba ta ƙara tashi ba. Ambu ta ce a kwanakinsa na ƙarshe ya kore ta daga ɗaki ya naɗi wata magana, ya ce ta Neng Nining ce, Neng ɗin da ake kirana da shi don so, a kunna mata ranar da aka zo neman aurenta. Shekara biyu ni mai gyaran faifai ban taɓa kusantar faifan nan da manhajata ba. Kullum sai in ce wa Ambu sai na samu natsuwa. Tsoro nake ji, shi ke nan.

Ranar Alhamis da yamma muna zaune ni da A Galih wurin mai batagor na bakin titi, wato soyayyen ƙullin kifi da miyar gyaɗa, A Galih yana tsame mini gefen da ya fi soyuwa yana zuba mini a faranti, sai wayarsa ta yi haske a kan tebur. Ban leƙa ba, idona ne ya faɗa kai.

"Na karɓa, A. Zan riƙe shi da kyau. Nining ba za ta ji daga bakina ba."

Ya kife wayar da sauri har miyar gyaɗa ta taɓa masa hannun riga.

A. Ta ce masa A. Mutanen Malang "Mas" suke cewa, kowa ya sani, kuma ita ta ma girme shi. A ina ta tsinci A? A bakina ta tsinta.

"Wa ke nan?" na ce, kamar ban gani ba.

"Aiki ne, Neng. Ci mana, zai huce."

"Aikin ne ya sa kunnenka ya yi ja?"

"Barkono ne."

"Ba ka sa barkono ba."

Ya yi dariya ya ce in bar shi ya ci abinci cikin salama. Ni kuwa da muka hau babur, a hanya ban riƙe rigarsa ba, ƙarfen baya na riƙe.

Juma'a da safe na fito na tarar Ambu ta baje kebaya biyu, rigunanmu na biki, a kan kujerar falo, ɗaya ruwan zuma mai duwatsu a wuya, ɗaya kore shar wadda ta sa a nata ranar, an rage mata kugu. Gidan duk ƙamshin shinkafar kwakwa da soyayyen busasshen kifi, tana gwajin girkin Lahadi tun yanzu. Ta canja labule, ta sa an goge hoton Abah da ke saman talabijin.

"Zo ki gwada koren, in ga hannun."

"Ambu, zan makara."

"Makara a ina? Mijin naki ba a can yake ba? Zo nan." Ta kama haɓata ta juya fuskata wajen taga. "Wannan fuskar ta mene ce? Da ita za ki tarbi iyayen mutane?"

"In kuma aka ɗaga maganar fa?"

Ta saki haɓata. "A ɗaga? Na gaya wa 'yan'uwanki na Garut, na gaya wa maƙwabta, na yi odar kaza takwas. Yaron nan shekara biyu yana zuwa yana gyara mini famfo, ko ruwa sai na matsa masa yake sha. Me ya yi miki?"

"Ba komai."

"To ba komai ɗin ki haɗiye shi. Ke dai tun kina ƙarama haka kike, in aka yabi ɗan maƙwabta sai ki ƙi cin abinci. Abanki ne kawai yake iya lallashinki, ni ba ni da wannan haƙurin."

Na sa mayafina ruwan hoda, na zizara kwalli fiye da kullum, na ɗauki takalmin da ke matse mini yatsa don ya fi kyau. Wai duk don in je in zauna kusa da mai mayafi ruwan toka.

A ofis na kasa yin komai. Ina kallo A Galih ya je teburinta sau biyu, suna magana ƙasa-ƙasa, ta nuna masa wani abu a allo, ya dafa ƙirji ya sauke ajiyar zuciya. Ajiyar zuciya, jama'a, a gaban idona. Da aka kira salla maza suka zuba silifa suka sauka. Ya tsaya a bakin ƙofa.

"Neng, in taho miki da rujak ɗin nan na 'ya'yan itace?"

"Ka tambayi Mayang, ƙila ita tana so."

Ya kalle ni, ya sauka. Jim kaɗan Mayang ta ɗauki lema ta ce za ta je ta karɓo saƙo a kantin bugu, in kula mata da tebur. Ni za ta ce wa in kula mata da tebur. Aka bar ni ni kaɗai da ƙarar ruwan sama a kan kwano.

Na yi minti biyar ina gaya wa kaina ni ba irin matan nan ba ce. A na shida ina tsaye a gaban teburinta.

Faifan yana tsaye a cikin na'urar kwafi, ƙarami, irin na kwamfutar hannu. An manna masa farar takarda, kuma rubutun A Galih ne, na san yadda yake lanƙwasa S ɗinsa. M.S. Ƙasa kuma ya rubuta: a yi a hankali. Mayang Setyowati. Har da a yi a hankali! Ni da ya ba ni kyautar agogo ko takarda bai naɗe shi da ita ba.

'Yar wutar na'urar tana ƙiftawa. Na san ma'anarta, ba yau na fara aikin nan ba, ana tsakiyar ɗaukar kwafi ne. Abu na farko da ake koya wa kowa a sana'armu shi ne ba a taɓa faifan asali, sai kwafi. Ni da bakina na koya wa sababbin ma'aikata biyu wannan. Na ce minti goma kawai, in ga hotunan da suke ɓoyewa in mayar. Na zare shi.

A kwamfutata tsohuwar manhaja ce, tawa, wadda ba gyaran Mayang a ciki. Tata tana nan a jakar gyare-gyaren da ke jirana, dannawa biyu ce. Hannuna ya je wurin ya dawo. Wato in buɗe asirinta da kayan aikinta? Allah ya kiyaye. Har na tuna da na ashirin da huɗu, na ce a raina in ma ya lalace ina ruwana, hotunan soyayyarsu ne.

Na haɗa faifan, na ba ta umarni. Ta yi ɗan jim, sai layi ya fito:

An tarar da rubutun da bai ƙarasa ba. Ana ƙarasawa.

Lambobi suka fara gudu. Ban so yawansu ba. Rubutun da bai ƙarasa ba yakan zama wuri goma, ashirin. Wannan ya wuce ɗari, ya wuce dubu. Na miƙa hannu zan tsayar, na tuna tsayarwa a tsakiya ta fi muni, na janye.

An rubuta a wurare 3,112. An kammala.

Sai jerin jakunkuna ya sauko. Na matso da fuskata ina neman sunanta, ina neman nasa. Na farko: Jarrabawar aji biyar. Na biyu: Hotunan Garut. Na uku: Maganin hawan jini, lokuta.

Abah malamin firamare ne. Sunansa Memed Sutarya.

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Sunan ubana, sunan da nake cikawa a kowace takarda tun ina aji ɗaya, na gan shi a harafi biyu na karanta sunan wata. A can ƙasan jerin akwai jaka ɗaya, Don Neng Nining, fayil ɗaya tak a ciki, na murya, minti goma sha huɗu. Na rarrafo na danna.

Tari ya fara fitowa, irin nasa, da ƙarar kujerar roba da yake ja.

"Yawwa, ta kama? To. Neng, in kina jin wannan, ashe wani ya yi ƙarfin halin zuwa. Ki gaishe mini da shi, ki ce masa na tausaya masa." Ya yi 'yar dariyarsa. "Abu ɗaya nake so in gaya miki game da halin nan naki, ki saurare ni da kyau, don Ambunki ba za ta iya faɗa miki ba sai da faɗa. Ke in kika ga..."

Daga nan sai ƙara, shuuu, kamar rediyo ya ɓace tasha. Na matsar gaba, ƙara. Minti biyar, ƙara. Minti goma sha uku, ƙara. Daƙiƙa ashirin da shida aka bar mini. Na duba adireshin fayil ɗin, na duba wuraren da manhajata ta rubuta, na sake dubawa ko zan ga na yi kuskure. Ban yi ba. Rajistar ta ba ta adireshin ƙarya, ita kuma ta ce to, kamar yadda ta saba.

Haka Mayang ta same ni, a ƙasa, mayafina ya zame, kwallin da na zizara ya gangaro. Ta kalli na'urarta babu komai a ciki, ta kalli allona. Ba ta yi ihu ba. Da ta yi ihu da na ji sauƙi. Ta jingine lemar tana ɗiga, ta zo ta durƙusa ta karanta layin nan na 3,112, ta rufe ido.

"Da wacce kika buɗe?"

"Tawa."

"Nining."

"Na ga saƙonki jiya. Kin ce masa A."

"Shi ya ce in daina ce masa Mas, wai yana jin kamar direban tasi ake kira." Ta goge fuska da tafin hannu. "Ambunki ce ta ba shi ranar Laraba, ta ce a fito da muryar kafin Lahadi a yi miki bazata. Ya kawo mini don ya san tsohuwar manhajar za ta yi rubutu. Ya ce in kin ji an kai wa wata faifan Abanki za ki ji ciwo, a bari sai an gama. Sati biyu yana tambayata ko za a iya, har na gaji da shi."

Wata huɗu ban taɓa furta kalmar nan ba. Ta fito da kanta, da ƙyar.

"Mbak. Mbak Mayang, don Allah. Kwafin ya kai ina?"

Ta tashi ta taɓa kwamfutarta, allon ya farka. Na ga lambar kafin ta faɗa.

"Kashi arba'in da ɗaya."

"In an mayar da shi ya ci gaba?"

"Zai ci gaba. Abin da kika rubuta zai kwafo." Ta ja kujera. "Daga farkon faifai yake ɗauka zuwa ƙarshe. In muryar tana cikin arba'in da ɗayan farko, tana nan lafiya lau, minti sha huɗunta cif. In tana gaba, babu wanda zai dawo miki da ita, ko ni ko wani."

"Adireshin yana allona. A duba."

"Rajistar da ta yi wa manhajarki ƙarya za ki sake tambaya? Fayil ɗin a gutsuttsure yake, farkonsa kawai muka tabbatar. Sai an bi kwafin a hankali, kuma rabin faifai ne, duk adireshin da ya wuce iyaka dole a ƙi shi. Taki ba za ta iya ba." Ta kalle ni ido cikin ido, ba gori a fuskarta, kuma rashin gorin ya fi mini zafi. "Babbar na'urar ofis ce kaɗai za ta gama kafin Lahadi, ita kuma ba ta karɓar gyaran da ba a sa wa hannu ba."

Na tashi na je teburina. Gyaran yana nan inda na bar shi kwana tara, da sharhina na ƙarshe a ƙasa, wai ta gyara waƙafi a layi na tamanin. Na sa hannu. Ko daƙiƙa biyu bai ɗauka ba. Mayang ta tura wa babbar na'urar kwafin.

A lokacin wayata ta yi ƙara. Ambu ce.

"Na zaɓa miki koren. Kuma ki saki fuska, Galih zai kawo miki wani abu ranar Lahadi da za ki yi kuka don daɗi. Kar ki tambaye shi, na yi masa alkawari ba zan faɗa ba."

Ban gama karantawa ba na ji silifa a matakala, maza sun dawo. A Galih ne a gaba, hularsa ta jiƙe, yana riƙe da leda biyu ta rujak, ɗaya mai barkono da yawa yadda nake so. Yana murmushi ya shigo. Ya kalli na'urar Mayang, ya kalli faifan da ke kan teburina da wayar kwamfutata a jikinsa, ya kalli fuskata. Ledojin suka sauka a hankali har suka taɓa ƙasa.

"Neng," ya ce, "wa ya cire shi?"

Mayang ta buɗe baki, na ga alamar rufa mini asiri za ta yi, ita da na hana wa ko gaisuwar kirki. Na riga ta.

"Ni ce, A."

A bayana babbar na'urar ta fara aiki, allon ya nuna kashi ɗaya.